Lamurje bayan gudu: abin da na tarar wurin likitar haƙori a Damagaram

Wata Talata ce cikin bazara. Na gama zagaye na goma a filin wasa, gumi har cikin ido, na miƙa wa yaron bakin ƙofa dala 5 ya zaro mini ledar ruwa daga ƙarƙashin ƙanƙara. Na fasa ta da haƙori kamar kullum. Kurɓar farko, wani abu ya tsarga mini daga haƙoran sama na hagu har tsakar ka, kamar an soka allurar keke. Ni tela ne, na san allurar da nake faɗi, ta taɓa ratsa mini farce. Na tsaya riƙe da kunci, yaron yana tambayata ko ruwan ne ba kyau.

Shekara 3 ke nan da na fara gudu. Wanda ke wuni kan keken ɗinki a kasuwar Dole daga safe har la'asar, in bai motsa ba, tumbinsa ne zai riƙa riga shi shiga ɗaki. Kwana 4 a sati ina fita bayan sallar asuba, sannan sau 2 da dare ina ɗaga ƙarfe a fadar unguwarmu, wurin da muke zaman hira da shayi. Ƙarfen namu ba na kanti ba ne, sandar tsohuwar mota ce da siminti da muka zuba cikin gwangwanayen madara, amma nauyi ai nauyi ne.

Abin da ya ba ni haushi, ni ba ƙazami ba ne. Sau 3 nake goge baki a rana. Buroshina mai tauri ne, irin wanda in ka dirji tukunya da shi sai ta yi walƙiya, don a ganina mai laushi na yara ne. Ranar Juma'a har gawayi nake dakawa in ƙara. To ta ina ciwo ya samu ƙofa?

Sai da na yi wata 2 ina kewaye. Uwargida ta ba ni kanumfari in danne a wurin, ya kan lafa na ɗan lokaci ya dawo. Wani maƙwabci ya rantse tsutsa ce, ya ce akwai mai fidda ta da hayaƙi. Wani mai tallan magani a kan tire ya sayar mini da kwalbar ruwan kurkure baki, na yi sati 3 ina amfani da shi safe da dare, har harshena ya yi duhu, haƙorana suka ɗauki launin shayi, miyar kuka da ta kuɓewa suka zama ɗanɗano ɗaya a bakina. A nan ne ƙanena da ke karatu a jami'ar André Salifou ya ce, “Yaya, ka bar wahalar da kanka, ka je a duba.” Shi ya kwatanta mini wani ɗakin likitar haƙori mai zaman kansa. Ba zan faɗi sunan wurin ba, tunda zan faɗi alherinsa in faɗi aibinsa.

Bari in fara da aibin, don shi na fara cin karo da shi. An ba ni randebu ƙarfe 9. Na rufe shago, na hau kabu-kabu, na isa saura minti 10. Ba a kira ni ba sai sha ɗaya da rabi. Ɗakin jira benci 2 ne da fanka ɗaya mai juyawa kamar an tilasta mata. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ba ta ɗago kai daga wayarta ba lokacin da na yi sallama, kuma babu takardar farashi a bango, sai ka tambaya a faɗa maka da baki. Dubawa jika 5. Na biya, na nemi rasit, ta dube ni kamar na nemi aurenta. Baba maigadi ne kaɗai ya ji tausayina, ya ce, “Yi haƙuri ɗana, likitar ba ta sallamar mutum da sauri, shi ya sa.” Na ɗauka kare uwar ɗakinsa yake. Ashe gaskiya ya faɗa.

Da na shiga, abin da idona ya fara kamawa shi ne kayan aiki. A gabana ta yage ledar da aka rufe su ciki, ta sa sabuwar safar hannu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, don na san ciwon hanta ta jini yake bi, kuma aikin baki ba ya rasa jini. Hankalina ya kwanta tun kafin in buɗe baki.

Ta duba, ta hura iska mai sanyi a wuyan haƙorin, na kusa tashi daga kujera. Sai ta ba ni madubi, ta ja mini leɓe sama. A daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi, a fiƙa da guda 2 na bayanta, akwai wani ɗan kwari mai santsi, rawaya-rawaya, kamar inda igiyar guga ta ci bakin rijiya. Shekara da shekaru ina kallon bakina a madubi ban taɓa ɗaga leɓen ba.

“Malam, da wane hannu kake goge baki?”

Na ce dama.

“Shi ya sa hagu ya fi ciwo. To me kake sha in ka gama gudun?”

Na ce ruwa. Ta yi shiru tana kallona. Na ce, to, da lamurje. Akwai wata Iya da ke kafa kula a hanyar gida, lamurjenta tsamiya ce da citta da sukari, mai sanyi har kwalbar tana raɓa. Wani lokaci sobo. In aljihu ya yi nauyi, lemun kwalba ko ɗan gwangwanin nan na ƙarin ƙarfi. Kuma ba na shanyewa tashi ɗaya, ina tafe ina kurɓa har in kai gida, don daɗin ya daɗe. Ina shiga gida sai buroshi.

Ta ajiye madubin ta ce, “Kai tela ne. In ka jiƙa shadda cikin jabel, ruwan bilicin nan, ka tsamo ta nan take ka dirje a kan dutse, me za ka samu?”

Na ce tsumma.

Wannan tambayar ita ce jika 5 ɗina. Sauran bayanin da ta yi, a kanta ya hau. Mai gudu da baki yake numfashi, ga gumi yana zuba, sai baki ya bushe, miyau ya ragu ya yi kauri. In hunturu ne abin ya fi muni. Shi kuwa miyau, wanda muke tofarwa a hanya ba mu ɗauke shi komai ba, shi ne mai gadin haƙori: yana wanke tsami, yana kashe kaifinsa, yana mayar wa farin ɓawon haƙori ma'adinan da ya rasa. Ke nan daidai lokacin da maigadi ba ya nan nake kwarara tsamiya. Ta ce akwai ma'aunin tsami da ake kira pH, ruwa yana wajen 7, ɓawon haƙori yana fara narkewa in abin ya sauko ƙasa da 5.5, lemun kwalba mai duhu kuwa yana wajen 2.5. Tsamiya ba sai an auna mini ba. Duk wanda ya taɓa tsotsar ta har haƙoransa suka mutu ya kasa tauna tuwo, ya san aikinta. Ni dai ban taɓa kawowa a raina cewa mutuwar haƙorin nan da muke dariya a kai ɓawo ne ke laushi ba.

Ɓawon da ya yi laushi, in aka bar shi, miyau zai sake ƙarfafa shi. In ka bi shi da buroshi mai tauri nan take, ka kankare. Wanda ya tafi kuma ya tafi, ba ya tsirowa kamar farce. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai rawaya da ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani, suna kaiwa ga jijiya, ta nan sanyin ƙanƙara ya bi ya same ni.

Kurɓa kaɗan-kaɗan ɗin ma ta ce ya fi shanyewa tashi ɗaya ɓarna, don kowace kurɓa sabon wanka ne na tsami, baki bai gama farfaɗowa ba ka sake. Da na ambaci shayin fada, na farko da na biyu da na uku, wajen awa 2 muna zaune, sai ta yi dariya ta ce wannan kuma wata shari'ar ce. Shi sukari ƙwayoyin cutar baki yake ciyarwa, su kuma su fitar da nasu tsamin, shi ke haƙa kogo. Ta nuna mini ɗan baƙin ɗigo a turmi na ƙasa. Tsutsar maƙwabcina ke nan, ba ta da kai ba ta da wutsiya.

Wani abu da ta gano wanda ban faɗa mata ba ya sa na ƙara yarda da ita. Ta shafa bakin haƙoran gaba ta ce sun baje, ta tambaya ko ina ɗaga nauyi. Na ce ƙwarai. Ta ce in lura, in na zo ɗaga ƙarfe cije haƙora nake. Daren nan na lura, wallahi har ƙara suke. Akwai robar da ake yi wa mutum daidai bakinsa don wannan, amma ta ce su ba su yin ta a nan. Ta ce kafin in samu, in koyi fitar da numfashi lokacin ɗagawa maimakon datse baki.

Sai wankin haƙori, jika 15. Na so in ƙi, don a kasuwa ana cewa yana sa haƙori ya yi giɓi ya yi rauni. Abin wankin wani ɗan ƙarfe ne mai tsini da ke rawa da sauri yana fesa ruwa, ƙararsa kamar sauro ya shiga cikin ƙwaƙwalwa. Ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, na zauna baki buɗe da auduga wajen minti 10 kafin Baba ya tada inji. Ba zan ɗora musu wannan ba, duk ɗan Damagaram ya san halin wuta a bazara. Da ta zo bayan haƙoran gaba na ƙasa, sai na ji abubuwa suna ɓallewa kamar ƙanzo. Na tofa a ɗan kwanon, ga gutsattsari masu launin ƙasa da ɗan jini. Ta ce nan ne dattin ya fi daskarewa saboda kusa da wurin ne miyau ke fitowa a ƙarƙashin harshe, kuma in ya riga ya zama dutse babu buroshin da zai cire shi. Da harshena ya taɓa wurin na ji ramuka tsakanin haƙora. Nan na gane inda zancen kasuwa ya samo asali: giɓin dama yana nan, datti ne ya toshe shi. Duhun da ruwan kwalbar nan ya bar mini shi ma ya fita. Amma a faɗi gaskiya, kwana 4 bayan wankin sanyi ya fi damuna fiye da da, kuma ba ta gargaɗe ni ba sai da na kira na tambaya. Wannan kuskurenta ne.

Ruwan kurkure bakin, da na nuna mata kwalbar, ta ce kuloreksidin ne. Magani ne na gaske, ana ba da shi bayan cire haƙori ko in dasashi ya kumbura, na ƴan kwanaki, ba abin yi kullum ba ne. Da na ba ƙanena labari ya turo mini wani bincike da aka yi a jami'ar Plymouth ta Ingila a 2019. Motsa jiki yana saukar da hawan jini na wani lokaci bayan an gama, sai aka ga waɗanda suka kurkure baki da irin wannan ruwan bayan gudu, saukar ta ragu sosai, don ya kashe har ƙwayoyin baki masu amfani da ke taimakawa jijiyoyin jini su saki. Ni da na fara gudu saboda hawan jini ya kwantar da mahaifinmu, ka ga inda na kai kaina. Shi ne kuma ya nuna mini cewa a wasannin Olamfik na Landan a 2012 an duba bakin ƴan wasa 278, aka samu kashi 55 cikin 100 da ruɓewar haƙori, kashi 45 kuma tsami ya cinye musu ɓawo. Na ɗan ji sanyi a raina. In masu lambar zinariya sun faɗa, wane ne telan Dole?

Abin da ta rubuta mini ba shi da yawa. Buroshi mai laushi, a sauya shi duk wata 3. Makilin na masu jin sanyin haƙori, irin su Sensodyne, mai sinadarin potasiyam da ke kwantar da jijiya, kuma in duba kwali in ga an rubuta 1450 ppm na fuluwor, wato yawan sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori. Sau 2 a rana, minti 2, a hankali, na dare shi ne wanda ba a fashi. In na gama in tofar kawai, kada in kurkure da ruwa. Wannan ya fi komai yi mini wuya, don hannu da kansa yake kai buta baki.

Da na ji fuluwor sai da na ɗaga kai. Na ce, “Likita, ba shi ne ya lanƙwasa ƙafafun yara a Tibiri ba?” Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya ji labarin ruwan Tibirin Maradi. Ba ta yi mini kallon jahili ba. Ta ce shi ne, amma can ruwan sha ne da fuluwor ya yi wa yawa, yara suka yi shekaru suna sha kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a lita ta ruwan sha. Na makilin a kan haƙori yake zama ka tofar da shi, shi ya sa ma ake sa wa ƙananan yara ɗan kaɗan a kuma tsaya a kansu kada su haɗiye. Na gamsu. Aswaki kuma ba ta hana ni ba, ta ce in ci gaba da na dogon yarona, sai dai in tauna bakin ya yi laushi sosai, in bar dirza kamar mai wankin kwano. Gawayi ne ta ce in bar wa masu shayi.

Maganar bayan gudu ita ce mafi sauƙi, kuma ba ta cin ko dala. Ruwa zalla da farko, in kurkure in sha. In na sha abu mai tsami, in bi shi da ruwa, in jira aƙalla minti 30 kafin buroshi, awa guda ya fi. Ko kuma in goge tun kafin in fita, wanda shi na zaɓa, tunda dama ina tashi alwala. In baki ya bushe, cingam marar sukari yana tsinko miyau. Ta ce gudun da bai wuce awa guda ba ruwa ya ishe shi, ba ya bukatar wani gwangwani.

Aibi na ƙarshe: a bakin ƙofa yarinyar nan ta zaro makilin daga durowa ta ce jika 5, tana magana kamar dole a nan zan saya. Na ce zan dawo. A farmasi na same shi jika 3 da rabi. Kogon turmin kuma ba a cike shi ranar ba, wai kayan cikon sun ƙare sai an kawo. Mutum ya rufe shago wuni guda, ya so a gama masa komai.

Yau sati 7 ke nan. Sati na farko ban ga wani canji ba, har na fara zargin an ci kuɗina. Wajen ƙarshen sati na biyu na sha ruwan randa ban ji komai ba. Yanzu ina shan mai sanyi, sai dai in ƙanƙarar ta yi yawa fiƙar nan ta kan tuna mini tana nan, kaɗan. Jinin da nake gani in na tofa ya tsaya. Kwarin da ke wuyan haƙoran yana nan yadda yake, ta riga ta faɗa mini ba zai cike ba, in ya dame ni sai dai a lulluɓe shi da abin ciko. Uwargida ta ce warin bakin safe ya ragu, abin da ba ta taɓa faɗa mini yana nan ba sai da ya tafi.

A fada an yi mini dariya son rai. Babbanmu ya ce, “Tela, jika 20 don a ce maka ka sha ruwa?” Na ce eh. Na ba shi madubin babur na ce ya ɗaga leɓe. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, bai ce komai ba, ya mayar da madubin. Bayan kwana 2 ya tare ni a hanya yana tambayar kwatancen wurin, wai ƙaninsa ne ke ciwo.

In ciwonka irin nawa ne, sanyi ko zaƙi ke tsarga maka, kuma kana da haƙurin zama, wurin ya cancanci kuɗinsa saboda likitar, ba saboda tarbar ba. In kuwa kuncinka ya kumbura ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon, kada ka tsaya jiran randebun kowa, ka nufi babban asibiti. Ka tambayi kuɗin kowane aiki tun kafin ka hau kujera, ka sayi makilin ɗinka a waje.

Iya mai lamurje ta tare ni tun sati na farko. “Ɗan nan, ko na yi maka laifi ne?” Na ce a'a Iya, likita ce ta raba mu da safe. Yanzu ina saye in rataya a keke, in kai shago in sa cikin kular maƙwabcina, sai azahar in sha tare da abinci, tashi ɗaya, in bi da ruwa. Shayi na rage zuwa kofi na farko, ko da yake ranar da hira ta yi daɗi na kan zarce.

Sun kira jiya, kayan ciko sun iso. Suka ce Alhamis, na ce Alhamis ranar kasuwa ce, ko haƙorin zai faɗi ba na rufe shago. An mayar Asabar ƙarfe 9. Wannan karon da riguna 2 zan tafi da allura da zare, in yi ta sa maɓalli a kan bencin.